Ƙarar da Afirka ta Kudu ta kai Isra'ila kan Gaza: tambayoyi da amsoshi

Ranar 7 ga Oktoba 2023 mayaƙan Hamas suka kutsa kudancin Isra'ila, suka kashe mutane kusan 1,200, suka yi garkuwa da kimanin 250. Isra'ila ta mayar da martani da ruwan bama-bamai a kan Zirin Gaza, ta datse abinci, ruwa da man fetur. Gwamnatoci da yawa sun tsaya a kan Allah wadai da baki. Afirka ta Kudu kuwa sai ta ɗauki lauyoyinta ta nufi kotu.

Wace kotu ce, kuma wane laifi ake zargi?

Kotun Duniya ce ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke birnin Hague, wadda ke shari'a tsakanin ƙasa da ƙasa. Kada a haɗa ta da kotun ICC, mai tuhumar ɗaiɗaikun mutane, wadda ta ba da sammacin kama Firaministan Isra'ila Benjamin Netanyahu da tsohon ministan tsaronsa Yoav Gallant a Nuwamba 2024. Afirka ta Kudu ta shigar da ƙararta ranar 29 ga Disamba 2023, tana cewa Isra'ila ta karya yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi ta 1948, wadda dukkansu biyu suka sa wa hannu.

Ina ruwan Afirka ta Kudu da abin da ke faruwa a Gaza?

A fuskar doka, yarjejeniyar ta ɗora wa duk ƙasar da ta sa hannu nauyin hana wannan laifi, ko da ba a kanta ake aikata shi ba. Gambiya ce ta share hanya a 2019, lokacin da ta kai Myanmar ƙara kan Musulmin Rohingya, kotun kuma ta yarda tana da hurumin yin hakan.

Amma tushen ya fi doka zurfi. A zamanin mulkin wariyar launin fata, Isra'ila tana cikin masu ƙawance da gwamnatin tsirarun farar fata ta fuskar makamai, har Firaminista John Vorster ya ziyarce ta a 1976. Ƙungiyar 'yantar da Falasɗinu ta PLO kuwa tana tare da ANC, jam'iyyar Mandela mai yaƙi da wariyar, tun 'yan ANC suna gudun hijira. Makonni kaɗan bayan fitowar Nelson Mandela daga kurkuku a 1990, ya rungumi Yasser Arafat a Lusaka, kuma a 1997 ya faɗa a Pretoria cewa 'yancinsu bai cika ba muddin Falasɗinawa ba su samu nasu ba. Wanda ya taɓa yawo da takardar izinin shiga gari a ƙasar haihuwarsa ba sai an yi masa dogon bayani kan shingayen bincike na Yammacin Kogin Jordan ba.

To kotun ta ce Isra'ila ta aikata kisan ƙare dangi?

A'a, kuma nan ne mutane da yawa ke kuskure. Abin da ta yi ranar 26 ga Janairu 2024 umarnin wucin gadi ne kafin a shiga ainihin shari'a. Ta ce haƙƙin Falasɗinawa na samun kariya daga wannan laifi abu ne da ya cancanci a tsare, sannan ta umarci Isra'ila ta hana ayyukan da yarjejeniyar ta haramta, ta hukunta masu tunzura jama'a, ta bar kayan agaji su shiga. Ba ta ba da umarnin tsagaita wuta ba, alhali shi Afirka ta Kudu ta fi nema. A watan Maris ta ƙara umarni kan yunwa, ranar 24 ga Mayu kuma ta ce a dakatar da farmakin Rafah, birnin da ke kudancin Gaza, ko da yake lafazin ya bar ƙofar da Isra'ila ta fassara yadda ya yi mata.

Hukuncin ƙarshe yakan ɗauki shekaru. Bosniya ta kai Sabiya ƙara a 1993, sai 2007 aka yanke.

Me Isra'ila ta ce?

Ta ce kare kanta take yi, da Hamas take yaƙi ba da Falasɗinawa ba, kuma Hamas na fakewa cikin fararen hula. Abin da ya fi wuyar tabbatarwa a irin wannan shari'a shi ne niyya. Shi ya sa lauyan Afirka ta Kudu Tembeka Ngcukaitobi ya ɗauki lokaci a gaban alƙalai yana karanto kalaman da manyan Isra'ila suka furta da bakinsu.

Idan ba a bi umarnin ba, mene ne amfaninsa?

Umarnin wajibi ne a doka, sai dai kotun ba ta da 'yan sanda. Mai iya tilastawa shi ne Kwamitin Sulhu, can kuma Amurka na da kujerar na-ƙi. Farmakin Rafah bai tsaya ba, yara sun ci gaba da mutuwa, kuma wannan yana ci mini rai. Duk da haka ban yarda aikin banza ba ne. An tilasta wa Isra'ila ta zo ta amsa tambaya a bainar duniya, an adana hujjoji, kuma ƙasashe irin su Sifaniya, Ireland, Turkiyya da Kolombiya sun nemi shiga shari'ar. Da Jamus ta ce za ta tsaya wa Isra'ila, Shugaba Hage Geingob na Namibiya ya tuna mata kisan da ta yi wa ƙabilun Herero da Nama na ƙasarsa daga 1904 zuwa 1908.

Me hakan ya jawo wa Afirka ta Kudu?

A Fabrairu 2025 Donald Trump ya sa hannu kan dokar yanke mata tallafi, ya ambaci wannan ƙara cikin dalilansa tare da batun dokar karɓe filaye a Afirka ta Kudu. A watan Maris aka kori jakadanta Ebrahim Rasool daga Washington. Gwamnatin Cyril Ramaphosa ta ce ba za ta janye ba.

Masu cewa tana da baki biyu fa?

Suna da abin faɗa. A 2015 Omar al-Bashir ya je taron Tarayyar Afirka a Johannesburg, ICC na nemansa kan Darfur, aka bar shi ya hau jirgi ya koma Khartoum duk da umarnin wata kotun ƙasar. Mutanen Darfur suna da haƙƙin jin zafin wannan har yau. Sai dai alƙalan Hague ba halin mai ƙara aka kai musu su auna ba, hujjojin da ke cikin takardu sama da shafi 750 da Afirka ta Kudu ta miƙa a Oktoba 2024 ne za su duba.