Leya a Manhajar Gyaran Hoto

Leya wani mataki ne mai zaman kansa a cikin hoton da ake aiki a kansa a kwamfuta ko a waya. Manhajar tana ɗora leyoyi ɗaya bisa ɗaya kamar farantan gilashi da aka jera, kowane da nasa zanen. Mai kallo daga sama hoto guda yake gani, amma mai aikin yana iya zare ɗaya ya gyara ba tare da ya taɓa sauran ba. Leyar da take sama tana rufe ta ƙasa, sai dai inda ta saman ba ta da komai.

Tushen dabarar shi ne ba wa kowane ɗigon hoto, bayan ja da kore da shuɗi, lamba ta huɗu mai nuna yawan rufewarsa, wadda ake kira alfa. Ed Catmull da Alvy Ray Smith ne suka ɓullo da ita a ƙarshen shekarun 1970 a Amurka, sannan a 1984 Thomas Porter da Tom Duff suka tsara lissafin haɗa hotuna ta wannan hanya. Photoshop, wadda 'yan'uwa biyu Thomas da John Knoll suka ƙirƙira, ta fito kasuwa a 1990, amma ba ta samu leya ba sai a fitowa ta 3.0 a 1994. Yanzu GIMP, wadda kyauta ce, da manhajojin waya irin su PixelLab da Picsart duk suna da ita.

A shagunan buga katin biki da fosta na Kaduna, daga Tudun Wada zuwa Kawo, aikin yau da kullum ne. Katin ɗaurin aure kan ƙunshi bango, wato shimfiɗar bayan hoto, a can ƙasa, sai hoton ango da aka yanke daga nasa bangon, sai adon gefe, sannan sunaye da rana da masallaci a sama, kowane rubutu a leyarsa. Idan dangin amarya suka ɗaga ranar, leyar kwanan wata kaɗai za a buɗe a canja, aikin minti ɗaya.

Kowace leya tana da ma'aunin rufewa daga 0 zuwa 100 cikin ɗari. Akwai kuma hanyoyin gauraya launinta da na ƙasa: Multiply na duhunta hoto, Screen na haskaka shi. Photoshop 4.0 ta 1996 ta zo da leyar daidaitawa, wadda ba ta ɗauke da hoto, umarni ne kawai na ƙara haske ko sauya launin abin da yake ƙarƙashinta.

Marufi (mask), wanda ake ɗora wa leya don ɓoye wani ɓangarenta, ya fi duk waɗannan amfani, kuma shi masu koyo suka fi tsallakewa. Wanda ya goge bangon hoto da magogi ya zubar da shi ke nan. Mai amfani da marufi kuwa ɓoyewa yake yi: inda ya shafa baƙi sai ya ɓuya, inda ya shafa fari sai ya bayyana. Idan hannu ya zarce ya ci gefen hular ango, shafa fari kawai zai dawo da ita.

Wajen adanawa ne ake yawan tafka asara. Fayil ɗin PSD na Photoshop da XCF na GIMP suna riƙe leyoyi yadda suke. JPEG kuwa yana narkar da su duka su zama ɗaya, kuma ba ya karɓar wurin da babu launi. PNG yana riƙe wannan wurin, amma shi ma ba ya riƙe leyoyi. Shi ya sa ƙwararru kan ajiye biyu, PSD a kwamfutar shago, JPEG kuma a tura wa mai aiki ta WhatsApp. Yawan leyoyi yana ƙara nauyin fayil, ƙaramar kwamfuta ta riƙa jan ƙafa, don haka akan tara masu alaƙa a rukuni ɗaya, a kuma raɗa wa kowace suna.