Gobarar Daji da Ruwan Rijiyar Gida

Gobarar daji na iya ɓata ruwan rijiya ko na bohol ko da wutar bata ci gidan ba, kuma sau da yawa ruwan zai fito garau kamar ba komai alhali akwai guba a ciki. A bayan garin Kaduna, irin su Rigachikun, Maraban Jos da Kujama inda gidaje da yawa da rijiyarsu suka dogara, lokacin hunturu ake fama da ita, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ciyawa ta bushe ƙamas, yara su cinna wuta don koro gafiya, iska ta kwashe ta sai inda ta tsaya.

Rijiyar da ba murfi toka ce ke fara zuba a ciki, wani lokacin har ɓera ko ƙadangare da ya gudo daga wuta ya faɗa ya mutu. Sannan in ruwan farko ya sauka wajen Afrilu ko Mayu, ƙasar da ta ƙone bata shan ruwa sosai, sai ya wanko toka da kashin dabbobi ya gangaro bakin rijiya, musamman in simintin ya tsage.

Shi kuwa bohol ruwansa na can ƙasa wuta bata isa gare shi, matsalar kayan sama ne, fayif ɗin roba, tankin roba da wayar injin. Roba in ta sha zafi ko bata narke ba tana iya sakin sinadarai irin su benzin, wanda ake samu a fetur kuma yana jawo kansar jini, sannan in ruwa ya zurare daga fayif yana zuƙo hayaki ciki. A Amurka an gano benzin a bututun ruwan garin Santa Rosa bayan gobarar 2017, haka ma garin Paradise bayan gobarar 2018, duk a Kalifoniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada benzin ya wuce maikurogiram 10, wato ɗan mitsitsin awo, a lita ɗaya ta ruwan sha, wanda ba abin da ido ko hanci zai gane bane.

Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta ne kawai, benzin kuwa tashi yake da tururi mutum ya shaƙa, kulorin ma, wato maganin da ake zubawa a ruwa don kashe ƙwayoyin cuta, baya cire shi. Shi yasa fayif ko tankin da wuta ta lasa canzawa ake yi, rijiya a yashe ta a gyara baki a sa murfi, a kai ruwan ɗakin gwaji kafin a koma sha, kafin nan a nemi na wani wuri ko da na 'yan garuwa ne.