Sana'ar tsofaffin baturan litiyam a Kaduna: abin da doka ta ɗora wa mai ita

Duk mai sayen kayan gwangwan a Panteka ya san yadda ake cinikin batirin mota: a ɗora a sikeli, a biya kuɗin dalmar da ke ciki. Yanzu wani iri ya cika kasuwa, wato baturan waya, kwamfutar cinya, fitilar sola, babur mai caji, da manyan na inbata da ake maƙalawa a bango. Waɗannan na litiyam ne. Illar batirin mota gubar dalma ce da asid, shi kuwa na litiyam babbar illarsa wuta ce, irin wadda ke tashi da kanta cikin dare ba wanda ya ƙyasta ashana.

Babbar dokar da ta shafi sana'ar ita ce ƙa'idar kula da batura ta 2024, wadda hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, NESREA, ke aiwatarwa. Hukumar ta tarayya ce, an kafa ta da dokar 2007. Ƙa'idar ta haɗa kowane irin batir, ta kuma bi shi tun daga mai ƙerawa ko shigo da shi har zuwa mai tattara tsohonsa, mai dakonsa da mai sarrafa shi. Don haka ba sai kana da injin niƙa doka za ta hau kanka ba. Mai sito da ke saye a hannun 'yan gwangwan yana tarawa, da mai fasa batirin kwamfuta ya ciro ƙwayoyin nan masu kama da ɗan yatsa da ake kira 18650 ya sake haɗa su a matsayin batirin sola, duk suna ciki.  Ana buƙatar su yi rajista da NESREA su karɓi izinin aikin da suke yi, kuma ƙona batir a fili ko zubar da shi a bola haramun ne.

Takardun suna da jeri, kuma tsallake ɗaya kan jawo asara. Rajistar kamfani a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ce farko. Sai wurin aiki: takardar fili daga hukumar filaye ta jiha, KADGIS, izinin gini ko na sauya amfanin gini daga hukumar tsara birane ta jiha, KASUPDA. Idan masana'anta za a kafa, dokar tantance tasirin aiki ga muhalli ta 1992 ta wajabta a yi nazarin kafin a fara, Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ta amince. Babban kuskure shi ne mutum ya kama hayar tsohon sito a Kakuri ko Kudenda, ya kafa injina, sannan ya je neman wannan takarda. Nazarin kan iya nuna cewa wurin ya yi kusa da gidaje ko magudanar da ke zuba a Kogin Kaduna, alhali kuɗi sun riga sun shiga ƙasa. Bayan an fara aiki akwai rahoton binciken muhalli da ake miƙawa duk shekara uku. Izinin tarayya kuma bai ɗauke na jiha ba, domin hukumar kare muhalli ta jiha, KEPA, na da ikon shiga ta duba shara, hayaƙi da ruwan da ke fita daga wurin. Mai ma'aikata zai yi rajistar masana'anta a Ma'aikatar Ƙwadago, ya kuma riƙa biyan asusun inshorar ma'aikata, NSITF, kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi, kamar yadda dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce.

Akwai wani tsari da ya kamata mai tattarawa ya fahimta domin aljihunsa ya shafa. Doka ta ce nauyin batir na kan wanda ya ƙera ko ya shigo da shi har bayan ya mutu, kuma masu shigowa suna sauke wannan nauyi ne ta wata ƙungiya da ke shirya tattarawa a madadinsu; a ɓangaren batura ita ce ARBR. Dalilin muhimmancin wannan a fili yake. Batirin waya da na kwamfuta suna da kobalt, wasu har da nikel, masu saye na neman su. Amma yawancin manyan baturan sola na litiyam na yanzu nau'in LFP ne, wato na litiyam da ƙarfe da fosfet, babu kobalt babu nikel, kuɗin sarrafa su kan zarce abin da za a samu. Wanda ya sayi lodi a gauraye zai tarar da tulin da ba mai so, kuma nan ne shaiɗan ke raɗa masa ya cire tagulla da alminiyam ya watsar da saura bayan gari. Shiga tsarin da aka amince da shi ne ke ba shi inda zai kai wannan saura da takardar shaida.

Ajiya ce inda ake gane mai sana'a na gaske. Idan ƙwayar batir ta huje, ta matse, ko ƙarfe ya haɗa kawunanta biyu, siririyar takardar da ke raba ɓangarorinta sai ta narke, zafi ya haifi zafi, ƙwaya ta kunna ta kusa da ita. Hayaƙin na ɗauke da iskar asid mai cin huhu da ido. Saboda haka tun a bakin ƙofa ake rarrabewa: na dalma gefe, na litiyam mai caji gefe, ƙananan na litiyam marasa caji gefe. Batirin litiyam guda da ya ɓuya cikin lodin na mota zai iya fashewa a tukunyar narka dalma. Kowane batir a rufe kawunansa da salatif ɗin masu wayarin ko a sa shi a ledarsa shi kaɗai. Wanda ya kumbura, ya tsage, ya jiƙe ko yake wari mai zaƙi-zaƙi, a binne shi cikin busasshen yashi a duro na ƙarfe, a ajiye a waje ƙarƙashin rumfa, nesa da sauran kaya. Kada a datse murfin duron gam, iskar da ke fita tana buƙatar hanya. Kwantenar ƙarfe da ke tsaye cikin ranar Maris da Afrilu ba wurin ajiya ba ce, haka ɗakin da mai gadi ke kwana.

Wutar batirin mai caji ruwa mai yawa take so, domin sanyaya ƙwayoyin ne ke tsayar da ita. Tukunyar kashe gobara mai gari takan kashe harshen wutar, amma cikin na nan da zafi, kuma takan sake tashi bayan awoyi. A tanadi tankin ruwa, a sanar da 'yan kwana-kwana irin kayan da ke cikin sito tun kafin ranar buƙata, a kuma gina wurin yadda ruwan kashe wutar ba zai gangara lambatu ba, don shi ma ya zama gurɓatacce.

Masu sake haɗa ƙwayoyi su lura da awo. Ƙwayar 18650 ta yau da kullum tana cika a bolt 4.2, ba a so ta sauka ƙasa da 2.5. Wadda ta daɗe a ƙasa da bolt 2, tagullar cikinta ta fara narkewa, idan aka tilasta mata caji za ta iya haɗa wuta daga ciki ko da ta nuna kamar ta farfaɗo. Irin wannan ta tafi duron sarrafawa. Jiƙa batura cikin ruwan gishiri don zuƙe cajinsu kuma yana fitar da iska mai kama wuta, yana cinye kawunan batir, ruwan da ya rage kuwa shara ce mai guba. Zuba shi a kwata ya faɗa ƙarƙashin sashe na 27 na dokar NESREA, wanda ya hana sakin abu mai cutarwa a ƙasa, ruwa ko iska, hukuncinsa kuma kan iya kai wa ɗauri.

Jami'in da ya zo dubawa littafi zai fara tambaya: ranar da kaya suka shigo, daga wa, wane iri, kilo nawa, ina suka tafi, wa ya sa hannu ya karɓa. Idan kilo dubu ya shigo, ɗari shida ya fita, dole a nuna inda ɗari huɗu yake. A sayar wa mai izini kaɗai, a karɓi kwafin izininsa a ajiye. A hanya, baturan litiyam kaya ne masu hatsari na aji 9 a tsarin dakon kaya na duniya, lambar masu caji UN3480, ta marasa caji UN3090, kuma a rubuta a jikin duro. Lalatattu ba sa hawa jirgin sama. Tura su a but ɗin motar haya daga Kawo tare da buhunan masara ganganci ne.

Fitarwa waje ita ce mafi tsauri. Idan aka niƙa batura ana samun baƙin gari mai ɗauke da litiyam, kobalt, nikel da sauransu, kuma manyan masu tace shi suna Asiya da Turai. Nijeriya na cikin yarjejeniyar Basel ta 1989, wadda ta ce shara mai hatsari ba ta ƙetare iyaka sai an sanar da ƙasar da za ta karɓa da waɗanda za a ratsa, sun amince a rubuce. Rajistar hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, NEPC, da fom ɗin fitar da kaya na banki, NXP, ba su maye gurbin wannan amincewa ba, kuma rubuta "tsohon ƙarfe" a takardar kwantenar da aka loda a tashar tudu ta Kakuri laifi ne mai zaman kansa. Shigo da matattun batura da sunan kayan gwanjo ya fi wannan muni: tun bayan da aka jibge sharar guba daga Italiya a garin Koko a 1988, dokar shara mai cutarwa ta wannan shekarar ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigowa, mai dako, mai saye da mai sayarwa.