Me ya sa ake gane Ba'amurke ɗan yawon buɗe ido tun daga nesa?

Wane kallo ake yi musu a waje?

A Turai da Japan abin da aka fi kuka da shi shi ne ɗaga murya a jirgin ƙasa da gidan abinci, da yi wa kowa Turanci kamar dole ne ya ji. Sai shiga: gajeren wando, takalmin motsa jiki, hular hana-sallah. A majami'ar Saint Peter da ke Vatican, duk wanda kafaɗarsa ko gwiwarsa ke waje, masu gadi kan mayar da shi daga ƙofa. Duk da haka ana yaba musu sakin fuska da sakin hannu.

Daga ina yawan ba da tukwicin nan ya samo asali?

Daga gida. Dokar tarayyar Amurka ta yarda a biya mai kawo abinci dala 2.13 kacal a awa, kuma adadin bai motsa ba tun 1991, ko da yake wasu jihohi sun ɗaga nasu. Da tukwici ma'aikacin yake cin abinci, shi ya sa Ba'amurke ya saba ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. A Faransa kuɗin hidima na cikin farashi, ɗan canji ya isa. A Japan kuwa, in ka bar kuɗi a kan tebur, ma'aikaci na iya biyo ka har titi ya mayar maka, a zatonsa mantuwa ka yi.

Me ya sa kullum cikin gaggawa suke?

A Amurka babu dokar tarayya da ta tilasta a ba ma'aikaci hutun shekara da albashi, alhali a Tarayyar Turai mako huɗu ne mafi ƙaranci. Mai kwana goma a hannu sai ya cusa Landan da Paris da Roma a tafiya ɗaya. Ya faɗa shago a Paris bai ce "Bonjour" ba ya hau tambaya, mai shago ya ɗaure fuska, domin a wurinsa an shigo masa ba sallama. Rashin adalci ne a kira wannan girman kai. Rashin sanin al'ada ne.

Siyasa na shafar su?

Ƙwarai. Lokacin mamayar Iraƙi a 2003, wasu matafiya Amurkawa sun riƙa liƙa tutar Kanada a jakunkunansu don gudun a tsare su da muhawara kan yaƙin da da yawansu ma ba su goyi bayansa ba.