Gane ƙarancin iskar oksijin a jikin mai duhun fata

Idan iskar oksijin ta yi ƙaranci a jini, littattafan likitanci kan ce fata za ta koma shuɗiya. Wannan siffa ta fararen fata ce. A Damagaram, inda galibin masu zuwa asibiti baƙaƙe ne ko wankan tarwaɗa, fatar dusashewa take yi ta koma toka-toka, wani lokacin ma ba a ganin komai.

Shi ya sa ake duba inda launin fata bai rufe ba: harshe, dasashi, cikin leɓe, cikin fatar ido, tafin hannu da ƙarƙashin farce, a hasken rana idan da hali. Harshe ya fi abin dogaro, domin dasashin mutane da yawa baƙi ne tun haihuwa, goro kan rina baki, lalle kuma ya ɓoye tafin hannu. 

Babban haɗarin yana ga yara a damina, lokacin zazzaɓin cizon sauro, wanda ke rage jini. Shuɗin ba ya bayyana sai himogulobin (sinadarin jini mai jigilar oksijin) da ba ya ɗauke da oksijin ya kai kimanin giram 5 a desilita guda na jini, don haka yaron da jininsa ya yi ƙasa sosai zai iya galabaita harshensa bai sauya ba. Saurin numfashi, lotsawar ƙirji, buɗewar ƙofofin hanci da kasa shan nono sun fi launi gaskiya.

Na'urar auna oksijin da ake maƙala wa yatsa, wadda Takuo Aoyagi na Japan ya ƙirƙiro a shekarun 1970, ita ma tana da tata matsalar, domin da haske take awo, baƙin fata kuwa yana shan haske. Binciken Jami'ar Mishigan ta Amurka a 2020 ya gano cewa idan ta nuna oksijin kashi 92 zuwa 96 cikin 100, a kashi 11.7 cikin 100 na awon baƙaƙen fata ainihin oksijin ɗin jininsu bai kai 88 ba, a na fararen fata kuwa kashi 3.6. Sanyin hannu a hunturu da baƙin lalle na iya ɓata awon, sai a ɗumama hannun ko a sauya yatsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba yaro oksijin idan awon ya gaza 90, amma wanda yake haki bai kamata a sallame shi don na'ura ta nuna 93 ba.