Juyin ruwan teku a kewayen tsibirai

Juyin ruwan teku a kewayen tsibirai shi ne abin da ke faruwa idan ruwa mai gudana ya tarar da tsibiri, ya rabu biyu ya wuce ta gefe da gefe, sannan ya riƙa kewaya kansa a baya. Wanda ya taɓa leƙa kogin Isa daga saman gadar Kennedy a Yamai lokacin cikar ruwa ta watan Janairu ya ga ƙaramin samfurinsa a bayan ginshiƙan gadar. Na teku kuwa faɗinsa kan kai daga kilomita 10 zuwa sama da 100, ya yi makonni ko watanni bai mutu ba.

Yadda yake samuwa

Juyin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wani ya ɓalle ta dama, wani ta hagu, su jeru suna bin ruwa. Theodore von Kármán, masani haifaffen Hangari, ya yi bayanin wannan jeri a 1911, shi ya sa ake kiransa da sunansa. Iska ma takan haddasa shi. A Hawai, iskar da ke matsewa tsakanin manyan duwatsun tsibirin Mawi da na babban tsibirin ita ce ke murɗa ruwan da ke yamma da su.

Da yake juyin yana da girma, jujjuyawar duniya tana da hannu a ciki. A arewacin layin ikwaita, wanda ke juyawa saɓanin hannun agogo yana ɗago ruwan ƙasa mai sanyi zuwa sama, mai bin hannun agogo kuma yana tara ruwa mai ɗumi a tsakiyarsa ya danna shi ƙasa. A kudancin layin abin juyawa yake.

Amfaninsa ga kifi

Nan ne batun ya fi daɗin ji. Saman teku a yankunan zafi yana da hasken rana amma ba taki, ƙasansa kuma akwai taki, wato naitiret da fosfet, amma duhu ne. Idan aka ɗago ruwan ƙasa zuwa haske, ƙananan tsirran ruwa da ido ba ya gani sai su yaɗu, ƙananan halittu su ci su, kifi ya biyo. Maxwell Doty da Mikihiko Oguri sun nuna a 1956 cewa tsirran nan sun fi yawa kusa da tsibirin Owahu na Hawai fiye da can tsakiyar teku. Juyin yakan kuma riƙe ƙwan kifi da ƴaƴansa kusa da gaɓa, ko ya kwashe su ya kai wani tsibirin.

A tsibiran Galafagos da ke yammacin ƙasar Ekwado, wani ruwa mai gudu gabas a ƙarƙashin saman tekun Fasifik, wanda Townsend Cromwell ya gano a 1952, yana cin karo da yammacin tsibiran ya taso da sanyinsa. Dalili ke nan da tsuntsun fengwin, ɗan ƙasar sanyi, yake rayuwa a kan ikwaita.

A yammacin Afirka

Wani misali na kusa da mu shi ne tsibiran Kanari. Ruwan Kanari yana gangarowa kudu ta gaɓar Maroko da Muritaniya, ya ratsa tsibiran, juye-juye su riƙa ɓallewa a kudancin Gran Kanariya. Daga nan su nufi yamma, kilomita kaɗan a yini, ɗauke da ruwan gaɓar Afirka zuwa tsakiyar Atlantika. Wannan ruwa ne jiragen ƴan ci-rani da ke tashi daga Senegal da Muritaniya suke fama da shi. Jirgin da injinsa ya mutu ko ya kauce wa tsibiran, ruwa da iska ne ke jan shi yamma. A 2021 an tsinci irinsa a kusa da Tobago, can a Karebiyan, babu mai rai a ciki.

Aunawa

Tsakiyar juyi mai ɗumi takan ɗan ɗara ruwan kewaye tudu, ta mai sanyi kuma ta ɗan lotsa. Wannan bambanci na santimita kaɗan taurarin ɗan Adam suke aunawa ba yankewa tun 1992, lokacin da Amurka da Faransa suka harba tauraron TOPEX/Poseidon. Abin da ke ƙasa kuwa na'urorin Argo ne ke kawo labarinsa: kusan 4,000 ne a tekunan duniya, kowace tana nutsewa mita 2,000 ta fito bayan kwana 10 da ma'aunin zafi da gishiri.