Kafin kuɗin furoje su sauka: abin da doka ta ce kan filin da za a yi wa aiki

Ƙungiyoyi da yawa a jihar Maradi suna neman tallafi don farfaɗo da ƙasar da ta mutu, ko dashen itace, ko lambun mata, ko gina gidaje masu sauƙin kuɗi. Yawancinsu sukan zuba ƙarfinsu wajen rubuta takardar roƙo da lissafin kuɗi, su bar maganar fili sai daga baya. Nan ne aiki yake lalacewa. Mai ba da tallafi yana iya biyan kuɗin rijiya da waya da iri, amma kuɗinsa ba su mayar da gonar wani ta zama ta ƙungiya, ba su kuma mayar da burtali ya zama lambu.

Ita ƙungiyar sai ta zama halattacciya tukuna. Dokar ƙungiyoyi ita ce doka mai lamba 84-06 ta ranar 1 ga Maris 1984. Ana ajiye dokokin ƙungiya da sunayen shugabanni a hannun hukuma, a karɓi rasit, sannan a jira takardar amincewa daga ministan cikin gida. A buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, kada kuɗi su bi ta asusun shugaba ko na ma'aji ko da sau ɗaya ne. A riƙa kai wa hukuma rahoton aiki da na kuɗi kowace shekara, domin rashinsa yana jawo a dakatar da ƙungiya. Aikin kuma ya dace da tsarin raya kwamin, in ba haka ba ma'aikatar magajin gari ba za ta rungume shi ba bayan kuɗi sun ƙare.

A karkara, dokar da ake bi ita ce Kod rural, doka mai lamba 93-015 ta ranar 2 ga Maris 1993. Ta ce haƙƙin da mutum ya samu ta hanyar al'ada da wanda ya samu ta takarda kariya ɗaya suke da ita. Wato gonar gado ta mai ita ce ko babu takarda, kuma ƙungiya ba ta da damar shiga don kawai maigari ya ce a shiga. A ƙarƙashinta aka kafa hukumomin filaye, da ake kira Kofo a taƙaice: Kofob a ƙauye ƙarƙashin maigari, Kofokom a kwamin, Kofodep a ƙarƙashin prefe. Su ne ke ba da takardar shaidar gado, ko saye, ko kyauta, da takardar aro, haya ko jingina. Kafin su sa hannu ana yin shela a gari da kasuwa, maƙwabtan gona su zo su tsaya a kan iyaka.

Bambancin kyauta da aro shi ne abin da ya fi cutar da ƙungiyoyin mata. Mai gona ya ce da baki “na ba ku”, a haƙa rijiya, a kewaye da waya, a zuba taki shekara biyu. Ƙasa ta yi kyau, sai shi ko magadansa su ce aro ne, su karɓe har da rijiyar. In kyauta ce, a rubuta kyauta, kuma dukan masu gado su yarda, ba babban wa kaɗai ba. In aro ne, a rubuta shekara nawa, da makomar rijiya da itatuwa ranar da wa'adi ya cika. Aron da bai kai shekarun da itacen zai yi 'ya'ya ba bai cancanci a zuba masa kuɗi ba.

Makiyaya da burtali da mashaya hukuncinsu daban ne. Dokar kiwo mai lamba 2010-029 ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta tabbatar wa makiyayi haƙƙin zirga-zirga, ta hana wani ya mallake filin kiwo shi kaɗai. Ana iya neman tallafi don cire garmani, haki mai mamaye filin kiwo, daga makiyaya a shuka ciyawa, kuma aiki ne mai kyau ƙwarai, amma filin yana nan na jama'a. Kafin a soma, Kofo ta shata iyaka, a kafa alamomi, a zauna da manoma da arɗo da wakilan masu wucewa da dabbobi, a rubuta shekara nawa za a hana kiwo, wa zai yi gadi, wa zai yanki ciyawa, ina kuɗinta za su shiga. Makiyayin da ba a kira shi zaman ba, in ya iso da garke ya tarar da waya, rigima ce. Kofo kuwa ba ta yanke shari'a. Sulhu yana hannun sarakuna, a rubuta abin da aka tsayar, in ya gagara a tafi gaban alƙali.

Wajen lissafi a faɗi adadi. Rabin wata, wato ramin tare ruwan sama mai siffar rabin da'ira, mai faɗin mita 4, ana lissafa 313 a hekta ɗaya, don haka hekta 20 ramuka 6,260 ne. Tassa kuwa, wato ƙananan ramukan shuka, kusan 10,000 ne a hekta. A haƙa da rani, a bi kwanciyar ƙasa yadda bakin ramin zai fuskanci inda ruwa ke gangarowa, domin wanda aka juya baibai ruwa zai kewaye shi ko ya fasa shi. A sa kuɗin gadi da na cike gurbin dashen da ya mutu tun farko. Furoje da yawa sun biya haƙa, sun manta da awaki.

Sassabin zamani, wanda ya bazu daga wannan jiha tun wajen 1983, ya fi dashe araha nesa ba kusa ba: manomi ya zaɓi tsiron kututture, ya bar masu ƙarfi, ya sassabe saura. Gwamnati ta ba shi doka tasa a 2020, mai lamba 2020-602, wadda ta amince wa wanda ya raya itace a gonarsa ya ci moriyarsa. Duk da haka gawo yana cikin itatuwan da doka ta kare, sai a tuntuɓi ma'aikatan gandun daji kafin a sare shi. Babban aiki kuma, irin mai taɓa hekta masu yawa, dokar 2018-28 ta wajabta a binciki illarsa ga muhalli kafin a soma.

A birni takardun wasu ne. Fili ya kasance cikin lotisma, wato yankan filayen gini, da hukuma ta amince da ita, da takardar mallaka daga ma'aikatar magajin gari, da izinin gini, kuma gara a ƙarasa har a samu takardar Sheda, wato takardar rajistar mallakar fili ta gwamnati. A rubuta da sunan wa gidan zai fita, na magidanci ko na ƙungiya, da sharaɗin sayarwa, don kada gidan talaka ya koma hannun 'yan kasuwa cikin shekara ɗaya. Fili mafi araha sau da yawa a hanyar ruwa yake. Ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta sa aka mai da Maradi kan tudu, kuma daminar 2024 ta rushe gidajen laka masu yawa a jihar. Saboda haka a je a duba filin cikin watan Agusta bayan an yi ruwa mai ƙarfi, a tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ke kwanciya, a kuma ware kuɗin tushe na dutse da siminti da na magudanar ruwa kafin a ƙidaya ɗakuna.